Tulun Inna da yake gefen kibod ɗinmu

Salama gare ku 'yan'uwa. Na daɗe ina so in ba da wannan shaidar amma kullum sai in ce bari sai gobe, to shekaranjiya bayan koyon waƙa wata yarinya cikin 'yan alto ta tsaya ta ce min wai Malam me ya sa kullum sai an ajiye tsohon tulun nan a gefen kibod, ga shi har bakinsa ya ɗan ɓantare, ba za a sayi sabo ba? Na buɗe baki zan ba ta amsa sai na ji maƙogwarona ya cushe, na ce mata je ki gida zan rubuta ki karanta. Shi ne wannan.

An haife ni a 1978 a wani ƙauye ta wajen Malumfashi, lokacin muna cikin jihar Kaduna tunda sai 1987 aka yanke Katsina. Mu Hausawa ne gaba da baya, kakana Bamaguje ne mai tsafi kafin bishara ta same shi ta bakin wani mai bishara da Mishan ta SIM ta turo yankinmu, har yau in na ce ni Bahaushe ne kuma Kirista akwai masu sake kallona sau biyu, na saba. Majami'armu ginin ƙasa ce, wurin zama ma dakali ne na ƙasa da mata suke shafewa kafin Kirsimeti, ƙararrawa kuwa tsohon wilin mota ne da aka rataya a reshen darbejiya, in aka buga shi da asubar Lahadi har masu kwana a gona suna ji.

Ni kuma na taso da in'ina mai tsanani. Ba irin wadda mutum zai ɗan maimaita kalma ya wuce ba, a'a, sai in tsaya bakina a buɗe ina buga ƙafa a ƙasa hawaye na zuba kalmar ta ƙi fita. A firamare in malam ya ce in faɗi sunana ajin gaba ɗaya sai a fara dariya tun kafin in fara, sabida haka na koma yaron da ba ya magana, in an aike ni sayen gishiri sai dai in nuna da yatsa. Inna ce ta fara lura cewa in ina bin ta da amshi lokacin da take surfe ba na sarƙewa ko kaɗan. Wata rana ta ajiye taɓarya ta ce kai, sake faɗin wannan. Na rera. Ta ce to yanzu faɗe shi da baki. Na kasa. Ta yi shiru can ta ce to ba komai, in ta ƙi fita a magana ka dinga fid da ita a waƙa, Allah ai yana jin duka biyun.

Inna ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata ta ƙauyenmu. Ba ta yi boko ba, karatunta bai wuce ta bi Littafi Mai Tsarki da yatsa a hankali ba, amma in Baba fasto ya karanta aya ran Lahadi, kafin Alhamis ta maida ita waƙa da baitoci da amshi, a bakin turmi ko a hanyar rafi take haɗa su, ba ta taɓa rubuta ko ɗaya ba, duk a ka suke. Ni ne mai ɗaukar mata tulu in za su koyon waƙa, in yi gammo in ɗora shi a ka ina binta a baya. Ga waɗanda ba su sani ba, tulun yumɓu ne dai irin na ruwa, sai a yanko soson tsohuwar katifa a naɗe shi da tsumma a ɗaure, da shi ake bugun bakin tulun, sai ya ba da wani amo mai zurfi da ba a kunne kaɗai kake jinsa ba, har a ƙirji. Ga kacau-kacau ga kuge ga tafi, mata goma sha biyar cikin zanen zumunta iri ɗaya suna taku a tare ƙura na tashi, ni dai a nan na fara sanin mene ne sujada.

Da na kai shekara goma sha biyu sai Malam mai koyar da waƙa a majami'armu ya ɗauke ni cikin kwaya, wato ƙungiyar mawaƙa. Tsohon malamin makaranta ne da ya yi makarantar Baibul a Kagoro, mu tara ne kacal a hannunsa, da fitilar ƙwai ɗaya da allo da alli. Shi ya koya mana do re mi, zai rubuta d r m f s l t a allo da ɗigo-ɗigo da layuka, ya raba mu safrano da alto da teno da bes duk da cewa bes ɗin mutum ɗaya ne, wani manomi mai murya kamar tsawa. Littafin Waƙoƙi guda uku gare mu duk sun sha ɗinki da zare, muna leƙa kafaɗar juna. Da dare kuma mukan taru a ƙofar gidansa ya kunna rediyo mu kamo tashar bishara ta ELWA daga Laberiya mu ji waƙoƙi da Hausa, murya na zuwa tana ɓacewa, shi kuma yana kaɗa yatsa yana ƙirga mana bugu. Malam bai taɓa raina waƙar mata ba ko sau ɗaya, yakan ce mu namu a takarda yake, nasu a ciki yake. Wannan maganar da na riƙe ta da ban yi abin da na yi daga baya ba.

A 1997 na zo Kaduna koyon gyaran rediyo da talbijin wurin wani ɗan garinmu, na shiga wata ƙaramar ikilisiya ta ECWA a kudancin gari, ƙetaren gada. Kwayarmu mutum goma sha huɗu, kayan kiɗa ganga ɗaya da jitar katako mai waya biyar don ta shidan ta tsinke. Sai rikicin Fabrairu na 2000 ya zo. Ba zan tsaya a kansa ba, wanda yake Kaduna a lokacin ya sani, kowane ɓangare an yi kuka an binne mutane. Abin da ya shafi labarina shi ne bayan ƙura ta lafa mutane suka yi ta ƙaura, Kiristoci da yawa suka tsallako kudu, unguwannin Sabon Tasha, Television, Romi, Narayi, cikin 'yan watanni majami'ar da ba ta cika rabi sai ga mutane har waje ƙarƙashin rumfar buhu. Bajju ne, Atyap ne, Ham, Gbagyi, Ngas, Tangale, Bura, kowa da yarensa amma Hausa ce ta haɗa mu a waƙa. Wasu da kayan jikinsu kaɗai suka zo, amma in an ce masu son shiga kwaya su tsaya bayan sujada sai ka ga an cika benci uku, ina ganin mutane suna neman inda za su sauke abin da ke cikinsu ne. Kafin ƙarshen shekarar mun haura sittin.

Daga nan abu ya yi ta buɗewa. Aka raba sujada biyu, ta Turanci da sassafe ta Hausa daga baya. Ga babbar kwaya, ga Zumuntar Mata, ga 'yan Sabon Rai waɗanda tun shekarun 1960 aka san su da fita wa'azi ƙauye-ƙauye da waƙa, ga yaran makarantar Lahadi, mu matasa kuma muka ce sai mun kafa ban, wato ƙungiyar masu kiɗan zamani. Ba mu da ko sisi. Sai muka shiga ƙodago, ran Asabar mu je inda ake gini mu ɗauki bulo da yashi a biya mu mu zuba a asusu ɗaya, 'yan matan suna soya cincin suna sayarwa bayan sujada, lokacin Kirsimeti mu bi gida-gida da waƙa har ƙarfe biyun dare cikin hunturu leɓe duk ya tsage, abin da aka ba mu ko naira ashirin ce sai ta shiga littafi. A 2004 muka sayi kibod Yamaha na hannu da amfilifaya da sifika biyu da ɗan ƙaramin janareta don NEPA ba ta san ran Lahadi ba. Ranar da aka kawo su dattawan ikilisiya suka ɗora hannu suka yi addu'a, wani cikinmu ya kwana a majami'a yana gadi don murna. Tunda ni ne mai gyaran rediyo ni na zama mai haɗa waya da kula da na'ura, da kaina na koyi kibod ɗin da kunne da do re mi ɗin Malam, a 2006 aka ba ni shugabancin mawaƙa gaba ɗaya.

Gaskiya mun yi aiki, ba zan ɓoye alherin Allah ba. Talata da Alhamis koyon waƙa, Asabar a haɗu da ban. Muna zuwa asibiti mu yi wa marasa lafiya waƙa a hankali a bakin gado, muna shiga gidan yari, muna bin 'yan Sabon Rai ƙauyuka a bayan akori-kura da janareta a tsakiyarmu, biki namu ne, zaman makoki namu ne har gari ya waye. Mun je gasar waƙa ta DCC, wato gundumar ikilisiyoyinmu, mun dawo da kofi sau biyu. Yara da yawa da suke zaman banza a bakin titi ganga da jita ne suka jawo su, yau wasunsu fastoci ne wasu suna da iyali suna riƙe da ikilisiyoyi a wasu garuruwa. Ni da ba na iya faɗin sunana sai ga ni riƙe da makirfo gaban mutum ɗari biyar, in'inar ma ta ragu sosai har na yi aure na iya faɗin alkawari a gaban fasto ba tare da na tsaya ba.

To a nan ne girman kai ya shige ni ban sani ba. Ni ke tsara lokacin waƙa ran Lahadi, sai na fara ganin matan zumunta suna cinye mana lokaci, baitocinsu ba sa ƙarewa, tulunsu ba ya shiga kii ɗin kibod, wato amonsu ba ya daidaita, ba su san inda za su tsaya ba. Na rage su zuwa waƙa ɗaya minti biyar. Uwar zumunta ta same ni ta ce ɗana waƙar nan labari ce, in ka yanke ta a tsakiya kamar ka yanke wa'azi ne, na ce Mama zamani ya canja, matasa ba sa jure dogon abu. Ta ce to, ta tafi. Da bakina na faɗi haka, ni ɗan mai tulu.

A 2011 Inna ta zo Kaduna a duba mata ido ta yi sati uku a gidana. Matan suka ji labarin mai ba da waƙa ta zo daga ƙauye suka roƙe ta ta ba su ɗaya ran Lahadi, aka ara mata zane ta tsaya a gaba, 'yar tsohuwa ƙarama da ido ɗaya a rufe da auduga. Ta ɗauko wata waƙarta da na sani tun ina ɗaukar tulu, wadda ta haɗa daga misalin ma'aikatan gonar inabi a Matiyu 20, amshin yana cewa gonar ta Yesu ce ni 'yar ƙodago ce, in rana ta faɗi shi zai sallame ni. Baiti bakwai gare ta. Majami'a ta yi tsit, na ga wasu tsofaffi suna share ido. Ni kuwa agogo nake kallo don ban tana da sabuwar waƙa da muka sha wahalar koyo. Tana shiga baiti na uku na sa yatsa a kan na'ura na ja muryarta ƙasa a hankali, na yi wa mai kibod alama ya shigo da kiɗan rufewa. Ta ci gaba da rerawa ba a jinta, sai ta juyo ta dube ni da idon nan guda ɗaya, ta sauke makirfo ta miƙa wa ta kusa da ita ta koma ta zauna.

A gida ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana. Muna cin tuwo da dare ta ce kai, kayan nan naku akwai ƙarfi, Allah dai ya sa ana jin kalmomin. Can kuma ta ce tunda aikinka ne, wata rana ka zo gida da rediyonka ka ɗauki waƙoƙin nan a kaset, na fara mantuwa. Na ce to Inna, bayan kaka zan zo. Kaka uku ta wuce, kullum akwai taro, akwai gasa, akwai bikin wani. Na je gida a tsakanin nan fa, ba wai ban je ba, da waya mai ɗaukar murya a aljihuna, amma sai in ce gobe da safe, da safe kuma in kama hanya.

Ta rasu a watan Agusta 2014, ana tsakiyar damina. Ranar jana'iza matan zumunta suka zo daga ƙauyuka kusan shida, wasu da ƙafa cikin taɓo, tuluna bakwai aka jera a gindin darbejiyar nan. Suka ɗauko waƙar gonar. Amshi ya tashi kamar zai tsaga ƙasa, wata ta ba da baiti na ɗaya, ta ba da na biyu, aka yi amshi, sai shiru, tuluna suna ta bugu ana jiran mai ba da na uku babu. Suka dubi juna. Shekara talatin suna amsa mata amma ita kaɗai ke bayarwa, ba wadda ta riƙe sauran. Daidai inda na kashe mata murya a Kaduna, daidai nan waƙar ta tsaya. Baba fasto ya ce ɗanta shugaban mawaƙa ne a birni, ya zo ya ƙarasa mana. Na tashi na tsaya, in'inar da na yi shekaru ban gani ba ta dawo gaba ɗaya, na gwada magana ta ƙi, na gwada rerawa ita ma ta ƙi, karo na farko a rayuwata da waƙa ta ƙi fita. Ƙanena ne ya kama ni ya zaunar.

Da zan dawo ban ɗauki komai cikin kayanta ba sai tulun. A cinyata na riƙe shi tun daga Malumfashi har tashar Kawo a Kaduna, a wani rami kusa da Zariya ne bakinsa ya bugi ƙarfen kujera ya ɓantare. Ran Alhamis na je inda mata suke taronsu, na durƙusa a gabansu har ƙasa, da ƙyar na haɗa kalmomin na ce ku gafarce ni. Uwar zumunta ta ce tashi ɗana, mun daɗe da yafewa, addu'a muke ta yi Allah ya buɗe maka kunne, ba mu so ya zama ta wannan hanyar ba. Ta kama hannuna ta tashe ni suka yi min waƙar ta'aziyya ina tsaye a tsakiyarsu ina kuka kamar yaro.

Tun daga lokacin tsarinmu ya canja. Mata suna gama waƙarsu duk tsawonta, in lokaci ya ƙure ban ce take rage nata. Maganar wai tulu ba ya shiga kii kuwa jahilcina ne, wata tsohuwa 'yar Tangale ta nuna min in ka zuba ruwa a ciki muryarsa tana hawa, in ka rage tana sauka, da kofi ɗaya na ruwa muke daidaita shi da kibod yanzu, kuma kibod ne ke bin tulu ba tulu ke bin kibod ba. Lahadin ƙarshen wata duk ƙungiyoyi muke haɗuwa mu yi waƙa ɗaya tare, kwaya da muryoyi huɗu, mata da tuluna, yara da tafi, mun fi mutum ɗari da ashirin in an cika. 'Yan mata shida sun koyi bugun tulu, biyu sun fara haɗa nasu waƙoƙin daga aya kamar yadda Inna take yi, kuma abin da na ce matasa ba sa jurewa su ne yanzu suke cewa a maimaita.

Sai kuma ɗaukar murya. Na sayi babban littafi da memori, duk tsohuwar da na ji tana da waƙa sai in je in zauna a tabarmarta in kunna waya, in dawo in rubuta kalmomin in sa do re mi a ƙasa yadda Malam ya koya min. Lokacin korona a 2020 da aka rufe majami'u ta WhatsApp muke koyon waƙa, in rera wa kowace murya nata in tura, to a nan ne jikoki suka fara turo min muryoyin kakanninsu daga ƙauyuka, wata kana jin zakara yana cara a bayanta, wata tari na katse ta ta dawo ta ci gaba. Yanzu akwai waƙa 137 a littafin, kuma goma sha ɗaya daga cikin matan da suka ba ni sun riga mu gidan gaskiya.

Waƙar gonar kuwa na samo baiti biyar. Na uku wata mata da aka aurar ta wajen Funtuwa ce ta riƙe shi don a bikinta Inna ta rera, na huɗu da na shida ƙanwar Inna ta tuno su rana ɗaya tana tsakiyar tankaɗe ta sa aka kira ni a waya da sauri kafin su gudu. Saura na biyar da na bakwai. Ƙauyukanmu yanzu shiga sai da addu'a sabida 'yan bindiga, tsofaffi da yawa sun watse sun bi 'ya'yansu birni, amma an ce min akwai wata da suka yi shekaru suna daka a turmi ɗaya da Inna, tana Zariya wurin ɗanta, an ce jikin ya yi nauyi amma hankalinta garau. Ran Asabar in Ubangiji ya yarda zan kama motar farko, na riga na yi cajin waya biyu, ku sa ni a addu'a in same ta da ƙarfin rerawa.

Ke kuma 'yata mai tambaya, ran Talata ki zo da wuri kafin sauran su iso, ki taho da kofi da ruwa, akwai soso a cikin akwatin makirfo, zan nuna miki yadda ake riƙe shi.